Babi na Shida: Ƙuri'ar Larura

Ranar Lahadi 21 ga Afrilu, 2002, da ƙarfe takwas na dare, sa'ar da doka ta yarda gidajen talabijin na ƙasar Faransa su sanar da abin da aka samu a zagayen farko na zaɓen shugaban ƙasa, miliyoyin mutanen da suka wuni da yaƙinin cewa sun riga sun san mutum biyun da za su kara a zagaye na biyu, wato shugaba mai ci Jak Shirak da firayim ministansa Liyonel Jospan, suka ɗaga ido suka ga hoton Shirak a inda suka zata, amma kusa da shi sai ga Jan-Mari Lepen, jagoran jam'iyyar FN, wanda ya yi shekara talatin yana kiran mutanen Faransa zuwa ƙyamar baƙi. Shirak ya sami kashi 19.88 cikin 100, Lepen 16.86, Jospan 16.18. Ratar da ta fitar da Jospan daga takara ba ta kai ƙuri'a 200,000 ba, a ƙasar da masu rajistar zaɓe suka haura miliyan 41, kuma a wannan daren ya fito ya ɗauki alhakin faɗuwar, ya ce ya bar siyasa.

Mai karatu na Jamhuriyar Nijar ya saba da wannan tsari, domin irinsa ƙasarsa ta ɗauka: idan babu wanda ya wuce rabin ƙuri'u a karon farko, sai a tsayar da na ɗaya da na biyu, a kori sauran, a ce wa jama'a su sake zaɓa. Hikimarsa ita ce kada wani ya hau mulki ba da yardar mafi yawan masu zaɓe ba, aibinsa kuwa shi ne yakan koya wa mutane raina zagayen farko. A wannan shekara mutum 16 ne suka tsaya, adadin da ba a taɓa gani ba, kuma rabinsu daga ɓangaren 'yan gurguzu da masu neman sauyi suke, ɓangaren da Jospan ya dogara da shi. Saboda duk masu binciken jin ra'ayin jama'a sun yi ittifaƙi a kan cewa Shirak da Jospan ne za su fito, sai mutane da yawa suka ga babu laifi su ba ɗan ƙaramin ɗan takara ƙuri'arsu don su ja kunnen gwamnati, wasu kuma, fiye da kashi 28 cikin 100, ba su ko je rumfar zaɓe ba. Gafala ce ta wuni guda, amma ita ta haifi mas'alar da wannan babi ya ƙunsa: me mutum zai yi idan aka ajiye masa mutum biyu a gabansa, alhali zuciyarsa ba ta karɓi ko ɗaya daga cikinsu ba?

Wajibi ne mu san ko su wane ne mutanen nan biyu kafin mu yi hukunci a kan waɗanda suka zaɓa a tsakaninsu. Shirak ya riƙe sarautar magajin garin Faris daga 1977 har 1995, kuma tun kafin wannan zaɓe masu shari'a suna bin diddigin zarge-zargen da suka taso daga wancan zamani, waɗanda mafi shahararsu shi ne cewa ana biyan 'yan jam'iyyarsa albashi daga baitulmalin birni a kan ayyukan da babu su sai a takarda. Abin da ya hana a gurfanar da shi shi ne kariyar da kujerar shugabanci ta ba shi, wadda babbar kotun ƙasar ta tabbatar a 2001, har ya zama abokan hamayyarsa suna cewa gudun alƙali ne ya sa yake neman zarcewa. Ba a manta ba kuma cewa a 1991, a wani jawabi da ya yi a birnin Orleyan, ya ambaci hayaniya da warin iyalan baƙi da lafazin da ya ƙona ran duk wani Balarabe da baƙar fata da ke ƙasar. Shugaba mai ci wanda mutum huɗu cikin biyar na masu zaɓe suka juya wa baya a zagayen farko, ba za a ce jama'a suna ƙaunarsa ba.

Lepen kuwa al'amarinsa ya wuce zargin cin amanar dukiya. Tsohon hafsan sojan laima ne da ya yi yaƙi a Aljeriya a 1957, inda ake zarginsa da azabtar da fursunoni, kuma shi ne ya faɗa a 1987 cewa ɗakunan da 'yan Nazi suka riƙa halaka Yahudawa da iska mai guba ƙaramin batu ne a tarihin yaƙin duniya na biyu, maganar da kotu ta ci shi tara a kanta. Manufarsa a bayyane take: a fifita ɗan ƙasa a kan baƙo wajen aiki da gida da tallafi, a dawo da hukuncin kisa da aka soke a 1981, a juya wa Tarayyar Turai baya. Ko ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta ƙasar bai bari ba, sai da ya yi ƙorafi a 1996 cewa an cika ta da 'yan asalin wasu wurare. To, ka ɗauki malamin makaranta wanda bai taɓa zaɓen jam'iyyar Shirak ba tun da ya balaga, ko ka ɗauki Musulmin da aka haifa a bayan garin Faris, wanda mahaifinsa ya zo daga Aljeriya ko Mali ko Senegal ya ƙare ƙarfinsa a masana'antar motoci, ka ce masa nan da mako biyu sai ɗayan mutanen nan ya zama shugabansa, lalle za ka gane abin da ake nufi da gaba kura, baya sayaki.

Malaman usulu sun daɗe da sanin irin wannan matsatsi, kuma ba su bar almajiransu cikin ruɗu ba. Ƙa'idarsu ita ce idan cuta biyu suka haɗu, kuma babu hanyar kuɓuta daga dukkansu, sai a ɗauki mai sauƙin don a tunkuɗe mai girman. Daga cikin dalilansu akwai ƙissar Haliru da Annabi Musa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, a cikin Suratul Kahfi, inda ya huda jirgin ruwan wasu miskinai domin akwai sarki a gabansu mai ƙwace kowane lafiyayyen jirgi. Huji ana iya toshe shi, amma jirgin da azzalumi ya tafi da shi ya tafi ke nan. Ba su tsaya a kan jirgi ba, sun kai ƙa'idar har ga sha'anin shugabanci. An ruwaito daga Ibn Abi Zaid Alƙairawani, mai littafin Risala da babu zauren karatu a ƙasar Hausa da ba a san shi ba, cewa idan aka rasa adalai a wani yanki sai a tsayar da mafi dama-dama, mafi ƙarancin fajirci, su yi shaida, don kada haƙƙoƙin mutane su tozarta. Haka kuma Izzuddini ɗan Abdussalami, wanda ya rasu a Alƙahira a 1262, ya tafi a kan cewa idan adalci ya gagara a cikin masu neman shugabanci sai a gabatar da mafi ƙarancin ɓarna. Waɗannan bayin Allah ba don sun raina fasiƙanci suka faɗi haka ba. Sun lura ne cewa kujerar mulki ba ta zama wofi, kuma idan mutanen kirki suka janye hannu, wani ne dai zai hau ta.

Mutanen Faransa, waɗanda galibinsu ba su taɓa jin sunan waɗannan malamai ba, sun kai ga hukuncinsu ta hanyar hankali. Tun daren farko ɗalibai suka fita tituna, ranar 1 ga Mayu kuma fiye da mutum miliyan ɗaya suka yi zanga-zanga a biranen ƙasar, kuma cikin taken da aka ji a bakinsu har da wanda ke cewa a zaɓi macuci, kada a zaɓi ɗan fasist. Jam'iyyar gurguzu da ta kwaminis da ta masu kare muhalli duk suka umarci mabiyansu su jefa wa abokin gabarsu na shekara da shekaru ƙuri'a, Zinedin Zidan ma, wanda ya ci wa ƙasar kofin duniya a 1998 kuma ba a san shi da shiga siyasa ba, ya yi kira a fito a ƙi FN. Wasu sun yi niyyar zuwa rumfa sanye da safar hannu, ko sun matse hanci da abin maƙale tufafi a igiyar shanya, don su nuna cewa da ƙyama suke yin abin da suke yi, har aka yi musu gargaɗi cewa hakan ya saɓa wa sirrin ƙuri'a. A wani ƙauye na kudu mai suna Bilmanyi ma sai da Majalisar Tsarin Mulki ta soke ƙuri'un, saboda an tanadar wa masu zaɓe wurin tsarkake jiki bayan sun jefa. Shirak ya ƙi zama muƙabala da Lepen. Ranar 5 ga Mayu ya sami kashi 82.21 cikin 100, wato daga ƙuri'a miliyan 5.7 ya tashi zuwa miliyan 25.5 cikin kwana 14, alhali shi ɗin nan ne, bai sake hali ba, bai kuma wanke kansa daga zargi ko ɗaya ba.

Akwai waɗanda suka ƙi bin wannan ayari, kamar Arlet Lagiye, 'yar takarar wata ƙaramar jam'iyyar ma'aikata da ta sami kusan kashi 6 cikin 100 a zagayen farko, wadda ta ƙi kiran mabiyanta su zaɓi Shirak, kuma bai kamata a yi watsi da hujjar irinsu ba tare da an saurare ta ba, domin tana da nauyi. Suna cewa ƙuri'a shaida ce, wanda kuwa ya jefa wa mutumin da ya san maciyin amana ne, ya yi shaidar zur, ya kuma yi tarayya da shi a cikin duk abin da zai aikata. Amsar da nake gani ita ce shaida tana bin tambayar da aka yi wa mai shaida. A zagayen farko ana tambayarka wa ka yarda da shi, kuma a nan ba ka da uzurin ambaton wanda ba ka aminta da shi ba. A zagaye na biyu kuwa tambayar ta sauya, ta koma wanne daga cikin biyun nan ka fi tsoron sharrinsa, wanda ya amsa wannan da gaskiya bai yi ƙarya ba. Sa'an nan mai ƙauracewa ya kamata ya dubi wanda zai biya kuɗin tsarkin hannunsa. Da Lepen ya hau, ba a kan Bafaranshe mai dukiya da asali wutar za ta fara sauka ba. Za ta fara ne a kan lebura baƙo da matarsa da 'ya'yansa, waɗanda da yawansu ba su da ko ikon jefa ƙuri'a. Ban ga tsantseni ba a cikin mutum ya tsare mutuncin kansa da abin da zai jefa raunana cikin wahala.

Gaskiya ne cewa rinjayarwa a wannan karo ba ta yi wuya ba, domin tazarar da ke tsakanin ɓarnar biyu a fili take. Ta fi wuya a Amurka a 2016, inda binciken jin ra'ayin jama'a na Gallup na dab da zaɓe ya nuna kashi 61 cikin 100 ba su da kyakkyawan ra'ayi game da Donal Tiramp, kashi 52 kuma game da Hilari Kilinton, kuma kowane ɓangare ya tafi rumfa yana ganin shi ne yake ɗaukar cuta mai sauƙi. Musulmin da ke can yana tuna cewa Kilinton ta goyi bayan yaƙin Iraƙi a majalisar dattawa a 2002, ta kuma tsaya kai da fata a kan yaƙin Libiya a 2011, wanda har yau ƙasashen Sahel ba su gama kwasar tokarsa ba. Yana kuma jin Tiramp da kunnensa yana alkawarin hana Musulmi shiga ƙasar. Ƙuri'un da ba su kai 80,000 ba a jihohi uku, Mishigan da Wiskonsin da Fensilbeniya, su suka yanke hukunci, kuma takunkumin shiga Amurka da ya biyo baya ya taɓa Sudan da Chadi a 2017, ya iso Nijeriya a 2020, ya sauka a kan mutanen da babu wanda ya shawarce su. A irin wannan hali ba na da'awar cewa akwai ma'aunin da zai kawar da saɓani, amma abin da na fi dogara da shi shi ne na jirgin miskinan nan: a tambayi wace ɓarna ce ake iya gyarawa bayan shekara huɗu ko biyar, wace ce kuma take rushe kayan gyaran kansu, wato kotu da jarida da zaɓe mai zuwa. Shirak, da dukan aibinsa, ya sauka a 2007 da wa'adinsa ya cika, kuma a watan Disamba na 2011 kotu ta same shi da laifi a kan waɗancan ayyuka na takarda, ta yanke masa ɗaurin shekara biyu na jeka-ka-gyara-halinka.

Sai dai labarin bai ƙare da daren nasara ba, kuma abin da ya biyo baya shi ne ya fi damuna. Mutumin da aka ba ƙuri'a miliyan 20 aro, don tsoron waninsa, ya karɓe su tamkar mubaya'a. Ya naɗa gwamnati daga ɓangarensa kaɗai, ya ɗora Jan-Piyer Rafaran a firayim minista da Nikola Sarkozi a ma'aikatar cikin gida, ya tattara magoya bayansa cikin sabuwar jam'iyyar UMP wadda ta lashe majalisa a watan Yuni, ya ci gaba da mulki kamar dai manufofinsa aka zaɓa. Adalci ne a ambaci cewa ya ƙi bin Amurka zuwa yaƙin Iraƙi a 2003, kuma wannan tsayuwa ce da ba za a manta masa da ita ba. Amma a ƙarƙashinsa ne aka kafa dokar 15 ga Maris, 2004, wadda ta hana 'yan mata Musulmi sa ɗankwali a makarantun gwamnati, da goyon bayan mafi yawan 'yan gurguzun majalisa. A ƙarƙashinsa ne aka yi dokar Fabrairun 2005 da ta nemi a koya wa yara alherin mulkin mallaka, kafin a janye wannan sashe. A ƙarshen wannan shekarar kuma, bayan mutuwar wasu samari biyu da ke gudun 'yan sanda a Kilishi-su-Buwa, unguwannin talakawa suka kama da wuta na tsawon makonni uku har aka kafa dokar ta-ɓaci. Shi kansa Shirak, bayan ya bar mulki, ya nuna nadamar rashin kafa gwamnatin da za ta wakilci dukan waɗanda suka zaɓe shi.

A nan ne nake ganin mutane da yawa suna riƙe rabin ƙa'ida su saki rabi. Hadisi ya inganta cewa wani Balaraben ƙauye ya shiga masallacin Madina ya kama fitsari, sahabbai suka yunƙura za su hana shi, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce su ƙyale shi ya gama, domin katse shi zai cutar da shi ya kuma watsa najasar a wurare da yawa. Malamai suna kafa hujja da wannan a kan ɗaukar cuta mai sauƙi, kuma sun yi daidai. Amma hadisin bai tsaya nan ba: da mutumin ya gama aka yi umarni a kawo guga a kwarara ruwa a wurin, aka kuma kira shi aka sanar da shi abin da masallaci ya dace da shi. Haƙurin da aka yi da najasar bai mai da ita tsarki ba. Don haka ne fuƙaha'u suka haɗa waccan ƙa'ida da wasu biyu, cewa larura ana auna ta gwargwadonta, kuma cuta ana gusar da ita. Wanda ya jefa ƙuri'ar larura, sa'an nan ya koma gida ya naɗe hannu har shekara biyar, bai cika hukuncin da ya fake da shi ba. Wanda kuma ya wayi gari yana kare kowane kuskuren wanda ya zaɓa, don kada a ce ya yi zaɓen banza, ya mai da rangwame ya zama aƙida.

Sakamakon wannan sakaci ana iya karanta shi a cikin alƙaluma. Da aka sake kiran mutanen Faransa a 2017 su tare hanya, a wannan karo ga Marin Lepen, 'yar Jan-Mari Lepen, Emanuwel Makron ya sami kashi 66 cikin 100, ita kuma 34, kuma fiye da mutum miliyan huɗu suka jefa ƙuri'ar da ba ta zaɓi kowa ba ko lalatacciya. A 2022 ya sauko zuwa 58.5, ta hau zuwa 41.5, waɗanda suka ƙi fita kuma suka kai kashi 28. A daren nasararsa Makron ya faɗa da bakinsa cewa ya san da yawa sun zaɓe shi ne don su tare wancan ɓangare, kuma wannan ya ɗora masa nauyi. Amma a 2023 ya ɗaga shekarun fansho daga 62 zuwa 64 ba tare da majalisa ta kaɗa ƙuri'ar ƙarshe a kai ba, a watan Disamba kuma aka zartar da dokar shige da fice mai tsanani wadda 'yan jam'iyyar Marin Lepen suka jefa wa ƙuri'a, ita kuma ta kira ta nasarar aƙidarsu. Idan 'yan siyasa suka gane cewa tsoron abokin hamayya ya ishe su jari, ba za su wahalar da kansu wajen gyara ba, jama'a kuma idan aka yi ta kiransu da sunan larura ba tare da sun ga an gusar da kome ba, wata rana za a kira su ƙi amsawa.

Hukuncina a kan mutanen 5 ga Mayu, 2002, shi ne sun yi daidai da suka fita, kuma da za a maimaita ranar, abin da ya wajaba a kansu ke nan. Laifinsu yana wurare biyu, kafin ranar da bayanta: sun yi wasa da zagayen da suke da 'yancin zaɓen wanda suke so, sa'an nan ba su bi bashin da suka bayar ba. Kai mai karatu, idan irin wannan rana ta riske ka a ƙasarka, ka auna da ilmi, ka tambayi a kan wa cutar za ta sauka, ka je ka jefa ƙuri'arka ba tare da kunya ba, ka kuma faɗa wa wanda ka zaɓa, a fili, dalilin da ya sa ka zaɓe shi da abin da ba ka yafe masa ba. Sa'an nan kada ka jira sai an sake ajiye maka mutum biyu. Ka nemi inda jam'iyyu suke fid da 'yan takararsu, tun daga mazaɓarka, ka halarta.